Ranar da Na Shanya Littattafan Gwamnati

Shekaruna ma na manta su, amma Larabar da na shanya littattafan gwamnati a rana kamar barkono ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku masu aikin laburare na yanzu kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, to ga shi. Sai dai ku sani tun farko, ni ban taɓa zama a aji ba, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Duk da haka shekara ashirin da shida na yi a cikin littattafai, kuma ba wanda zai ɗaga yatsa ya ce ga guda da ya lalace saboda sakacina. Sunana Hajara, a makaranta Inna Hajo ake ce mini.

Bari in fara da yadda tsarin yake, don wanda bai san aikin ba. A firamare ta wancan lokaci hedimasta ne a sama, sai mataimakinsa, sai malamai, sai masinja da mai gadi, sannan mu masu shara. Sama da hedimasta akwai ofishin ilimi, daga can ake turo sufeto, wato mai duba makarantu, kuma abin da ya rubuta shi ne ya zauna. Mu na ƙasa kashi biyu ne. Akwai wanda aka tabbatar, yana da fayil a ofis da sunansa a jiki, ba a korarsa sai an bi ƙa'ida. Akwai kuma ɗan rana-rana, ba fayil ba komai, hedimasta zai iya ce masa gobe kada ya zo, magana ta ƙare. Ni 'yar rana-rana ce. Ga 'ya'ya uku a gabana, ubansu ya rasu, tsintsiyar nan ita ce tukunyarmu.

Na fara aiki a wata 'yar makaranta a ƙasar Gwaram, kan hanyar Fagam, tun ana kashe fam da sule. Aji huɗu ne, malamai huɗu. Laburarensu duka adaka ce guda ta ƙarfe, mace ɗaya za ta ɗauke ta da gammo. Littattafan ciki sun sha hannu har sun yi laushi kamar tsohon zane. Amma kowace Alhamis in an tashi yara, malaman nan za su zauna a gindin tsamiya su buɗe ta. Wannan ya ce mako mai zuwa zai koya wa aji uku yadda ruwan sama ke samuwa, wancan ya ce, "To ɗauki wannan, akwai hoton gajimare a tsakiya, amma ka dawo mini da shi Talata, 'yan ajina ba su gama labarin kurege ba." Ni ina gefe da basilla da zare, duk wanda ya rabe sai a miƙo mini, in yi masa irin ɗinkin da ake wa ƙwarya in ta tsage. Ban san abin da ke ciki ba, amma na san kowanne da fuskarsa.

Bayan rasuwar mijina na dawo Birnin Kudu wurin yayana. Hedimastan makarantar Gwaram ya ba ni takarda, aka ɗauke ni a wata babbar firamare a cikin gari. Lokacin kuɗin mai ya shigo, an ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta, gine-gine sai tashi suke. Ina nan wata babbar mota ta zo ta sauke kwalaye, duk littattafai sababbi ful, ƙamshinsu kamar na sabuwar atamfa. Aka ware ɗaki guda mai daɓen siminti, aka jera kabad shida na katako. Aka tura Malam Garba, malamin aji shida, kwas na mako uku a Kano don ya koyo yadda ake jera su. Da ya dawo, zango guda cur ya yi yana yanka 'yan takardu, ya rubuta lamba, ya liƙa da ƙaro a bayan kowane littafi.

Malam Garba mutumin kirki ne, tsoro ne ya yi masa yawa. An faɗa masa duk littafin da ya ɓata shi zai amsa. Sai ya sayo kwaɗo, ya datse ƙofar, ya jefa mukulli a aljihu. Shekara guda da rabi ɗakin nan yana rufe. Malamai goma sha wani abu, ba mai shiga, ba mai tambaya. Kowa ya riƙe ajinsa kamar gonar gado, in an tashi ya hau kekensa.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, aka aiko cewa sufeto zai zo ran Alhamis. Ran Talata da yamma Malam Garba ya same ni a baranda. An haihu a gidan ƙaninsa a Maruta, ƙasar Gwaram, suna ya kama Laraba. Ya miƙo mini mukulli kamar mai miƙa ƙwai.

"Inna, ƙasa kawai za ki share, ki kaɗe yanar gizo. Don Allah kada ki taɓa komai a cikin kabad. Kafin la'asar na dawo."

Na ce, "Allah ya raya, Malam. Ka gaida mai jego."

Laraba da hantsi na buɗe ƙofar. Tun ban sa ƙafa ba hancina ya gaya mini. Duk wadda ta tashi a gidan manoma ta san warin rumbun da danshi ya shiga. Na ajiye tsintsiya, na kara kunnena a jikin kabad na farko, na ji ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, ba tsayawa. Na leƙa baya, ga hanyar gara nan ta jan ƙasa ta fito daga tsagar siminti ta hau katako. Na zaro littafi guda daga kantar ƙasa. Bangonsa lafiya lau, har yana sheƙi. Da na buɗe, ƙasa ce ta zubo mini a zane.

Na nufi ofishin hedimasta, Malam Sule, aka ce ya tafi ofishin ilimi. Na sami mataimakinsa, ko kai bai ɗago ba ya ce, "Laburare na Malam Garba ne, Inna." Na je ajin Malama Binta, mai aji biyar, ta ce, "Wallahi Inna, ni ko bakin ƙofar ban taɓa takawa ba, me zan ce?" Na je wurin Malam Tanko mai lissafi, wanda ba ya rabo da zolaya. Ya kaɗe alli daga hannunsa ya ce, "To ai gara ta fi mu sa'a, Inna Hajo. Ita ta samu izinin shiga, mu har yau muna jira."

Na tsaya a tsakar makaranta ina lissafi. In na jira Malam Garba, rana ta yi sanyi kafin ya iso. Kuma na san halinsa, zai ce a rufa asiri har sufeto ya wuce, daga nan mukulli ya koma aljihu. Ni kuwa ban taɓa ganin an ga gara a hatsi an ce sai jibi ba.

Na kira Baba Mato mai gadi, tsohon soja ne, ba ya tambaya sau biyu. Na zaga bayan makaranta wurin matan da ke shanya barkono da kuɓewa, na aro tabarmi har tara. Muka dinga kwasowa a daro, ni a ka, shi a kafaɗa. Na ware su yadda uwata ta koya mini ware hatsi: lafiyayyu gefe guda, waɗanda aka ɗanɗana gefe guda, waɗanda suka riga suka zama ƙasa can nesa kusa da katanga. Na bubbuɗe su don iska ta ratsa, na danne da duwatsu. Muka janye kabad daga bango, na zuba toka a tsagar, na watsa ganyen darbejiya.

Ga inda na yi kuskure, kuma ba na ɓoye shi. Na san jerin Malam Garba zai rikice, amma na ɗauka tunda kowane littafi da lambarsa a baya, ai kamar akuya ce mai shaida a kunne, ko ta shiga garken wani za a gane ta. Ban san danshi ya riga ya jiƙa ƙaron nan ba. Rana na dukansa, 'yan takardun suka fara nannaɗewa suna ɓarewa. Kafin azahar iska na wasa da su a fili kamar ɓawon gyaɗa.

A haka babur ɗin hedimasta ya shigo. An tashi yara, malamai kuwa suna cikin azuzuwa suna gyara takardunsu saboda baƙon gobe. Malam Sule ya kashe babur, ya dubi tabarmi, ya dube ni.

"Inna Hajo, mene ne wannan?"

"Shanya ce, ranka ya daɗe. Gara ta shiga."

"Shanya? Nan gidanku ne? Wa ya sa ki?"

"Na neme ka ba ka nan. Na tambayi sauran, kowa ya ce ba nasa ba ne."

Ya duƙa ya tsinci 'yar takarda guda, ya juya ta a tafin hannu. Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawa ban tsoro. "Kin san aikin wata nawa kika watsar? Gobe sufeto zai zo ya tarar da ɗaki fayau. To ki ji. Gobe in ya tafi, ki jingine tsintsiyarki, kada in sake ganinki."

Ban roƙe shi ba. Ba a haife ni da roƙo ba. Amma a take na ga fuskokin 'ya'yana uku, na ga kuma yayana da nasa takwas.

Da la'asar Malam Garba ya sauko daga motar Gwaram da ƙullin goron suna a hannu. Ya tsaya, goron ya faɗi. Ya fara bin 'yan takardun nan yana tsinta ɗaya-ɗaya, da ya ga ba iyaka sai ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

"Inna, me na yi miki?"

Na ce, "Tashi ka zo ka gani, Malam."

Na kai shi bayan kabad. Na ɗauko masa wani babban littafi mai bango ja daga tarin da ke kusa da katanga, na sa masa a hannu. Ya buɗe, yatsansa ya nutse. Sai ya yi salati.

Muna tsaye a nan iska ta juya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin, irin hadarin bankwanan damina da ba ya ba da sanarwa. Ban san lokacin da na buɗe murya ba, irin kiran da mata ke yi a unguwa:

"Jama'a hadari! A kwashe shanya! A kwashe shanya!"

To ku ji ikon Allah. Malaman nan duka 'ya'yan manoma ne. Tun suna tsirara suke jin wannan kiran, kuma ba a taɓa tsayawa tambayar shanyar wa ce ba. Kafin in rufe baki sun fito da gudu daga kowane aji. Malama Binta ta kwance mayafinta ta yi ƙunshi. Malam Tanko ya ɗora tari har haɓarsa yana ihu, "Ku bi a hankali, abincin gara ne!" Shi kansa hedimasta, wanda ya kore ni ɗazu, na gan shi ya tattare gaban babbar rigarsa ya cika ta da littattafai yana sassarfa. Laburare ba ya shiguwa, kabad a tsakiyar ɗaki, toka ko'ina. Sai kowa ya nufi ajin da ya fi kusa da shi. Tabarma ta ƙarshe Baba Mato na janta ɗigon farko ya sauka.

Ruwan nan ya tsare kowa har kusan magariba. Ni ina rakuɓe a ƙofar aji biyar. Mutum ya zauna ba abin yi, ga littattafai a gabansa, ai sai ya buɗe. Can na ji Malama Binta ta yi salati. Ta ɗaga wani faffaɗan littafi mai launi-launi.

"Malam Garba! Taswira ce fa! Shekara biyu ina zana ƙasar nan a allo da ka, yara na cewa ta yi kama da tulu. Ashe tana nan taku talatin daga ajina?"

Malam Garba ya sunkuyar da kai. "Ba ki tambaya ba, Malama."

"Kai ma ba ka faɗa ba."

Daga ɗaya ajin Malam Tanko ya leƙo ta baranda da littafi a ka don kare ruwa, ni kuwa na daka masa tsawa ya sauke. Ya ce ya tarar da littafin lissafin da yake kwafa a allo kullum, ba ɗaya ba, tari guda. Nan fa aka shiga musaya ta baranda. Wannan ya ce ga naka sun faɗo ajina, wancan ya ce riƙe mini wannan zuwa Litinin. Ina kallonsu, zuciyata rabi tana gindin tsamiyar Gwaram, rabi tana kan abin da za mu ci wata mai zuwa.

Alhamis da safe na zo na yi sharata kamar kullum, don ba a ce in bari ba sai baƙo ya tafi. Sufeton, Alhaji Bala, gajeren mutum ne marar yawan magana. Ƙa'ida ita ce ya fara da ofis, ya duba rajistar yara, sannan a zaga da shi. Da aka zo laburare ya tsaya a ƙofa ya dubi kabad shida ba komai a ciki. Hedimasta ya yi bayani, yana yi yana nuna inda nake. Aka kira ni, na durƙusa na gaishe shi.

"Ke kika fitar da su?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa."

"Kin san kayan gwamnati ne?"

"Ni na sani, ranka ya daɗe. Garar ce ba ta sani ba."

Wani ya yi tari a baya, na san Malam Tanko ne. Sufeto bai yi dariya ba. Ya zaro biro daga aljihu, ya zaga bayan kabad, ya danna a jikin katako. Biron ya shige har rabi. Hedimasta ya yi sauri ya ce ai ya riga ya ɗauki mataki, ya sallame ni daga yau.

A nan Malam Garba ya matso. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in akwai wanda za a sallama, ni ne. Shekara guda da rabi ban buɗe ɗakin nan ba sai in leƙa in rufe. Da ta bi maganata, da yau ka ga littattafai a jere, ka yaba mini, bayan wata biyu a kwashe ƙasa."

Sufeto ya mayar da bironsa aljihu. Ya ce a kai shi azuzuwa. Ina tsugune a baranda da tsintsiyata, ina jin muryar yaran aji biyar suna rige-rigen nuna Kano a taswira. Ya daɗe a can. Ban taɓa jin sa'a mai tsawon wannan ba.

Da ya fito ya tsaya a gabanmu ya ce, "Malam Sule, ba za a kori wadda ta ceci kaya ba. Ta ci gaba da aikinta." Sannan ya juyo gare ni. "Amma ke ma ba a taɓa kayan gwamnati ba izini a tafi haka nan. Za a rubuto miki takardar gargaɗi daga ofis."

Na ce na gode. Da motarsa ta fita na shiga bayan aji na zauna a kan dutse. Baba Mato ya kawo mini ruwa a moɗa, ya ce, "Sha, Hajo. An yi harbi, bai same ki ba."

Gargaɗin nan kuwa ya tsaya mini a rai. Ni da ko uwar mijina ba ta taɓa yi mini faɗa sau biyu a kan abu ɗaya ba, a ce an rubuta laifina a takarda? Bayan mako biyu aka aiko in je ofishin ilimi. Na tarar da akawu yana juya takardar yana tsaki. Ya ce ƙa'ida ita ce duk takardar gargaɗi a fayil ɗin mai ita ake sa ta, ya duba sama da ƙasa, ni ba ni da fayil. Ba zai iya mayar wa sufeto ba, ba zai iya yar da ita ba. Sai ya jawo sabon fayil, ya tambayi sunana da na ubana da ranar da na fara aiki, ya ce in dangwala yatsa. Na dangwala ina hararar takardar.

Ba a yi shekara biyu ba umarni ya zo cewa 'yan rana-rana masu fayil a tabbatar da su, marasa shi a sallame su. Mata da yawa da na sani a wasu makarantu, waɗanda ba su taɓa yin laifin komai ba, haka suka koma gida. Ni aka kira sunana. Fanshon da nake ci yau daga wannan fayil ɗin ya fito, kuma takarda ta farko a cikinsa ita ce ta laifina.

Lambobin kuwa, Alhamis huɗu malamai suka yi suna zama bayan an tashi, Malam Garba na faɗa suna rubutawa, wannan karon da fenti a jikin bangon. Da aka gama zaman bai mutu ba, ya koma na wa zai ɗauki me a mako mai zuwa. Ba kowa ke zuwa ba, mataimakin hedimasta har ya bar makarantar bai taɓa zama ba. Kabad kuma aka ɗora su a kan duwatsu kamar rumbu, nesa da bango. Na roƙi Malam Garba a aika wa makarantar Gwaram waɗanda muke da su bibbiyu. Ya rubuta takarda zuwa ofis, har na yi ritaya amsa ba ta zo ba. Da na je gaisuwar rasuwa can bayan shekaru, adakar nan ce dai, sai ɗinkin wata a kan nawa.

Abin da na koya ke nan, ku masu digiri. Na yi aiki inda littattafai ba su cika adaka ba, na yi inda suka cika ɗaki, kuma yaran makarantar adaka sun fi sanin abin da ke cikin nasu. Malamai ba mugaye ba ne, kowa tsoron shiga gonar wani yake, mai mukulli kuma tsoron a ce ya ɓatar yake. In kun ga littafi ya yi datti, gefensa ya nannaɗe, kada ranku ya ɓaci, ku nemo zare. Wanda za ku ji wa tsoro shi ne mai sheƙi da ba wanda ya san ranar da aka buɗe shi. Kuma in kun koma wuraren aikinku, ku tambayi mai share muku ɗaki abin da hancinta ke ji, tun kafin ta gaji da neman izini.